Jan Zare a Cikin Kalmasa

Asabar, 4 ga Mayu

Riguna arba'in da biyu. Na gama ta ƙarshe yau da la'asar, bayana kamar ba nawa ba. Kowace sai da na juya ta bai-bai na sa mata alamata a cikin kalmasa, ɗigo uku da jan zare, yadda nake yi tun ina 'yar shekara goma sha biyar. Ba mai gani sai ni, amma in ban sa ba sai in ji rigar ba ta ƙare ba.

Jibi za mu tashi, ni da ƙanwata Auta, zuwa baje kolin masu sana'ar hannu can ƙetare, a babban birninsu. Kwana shida. Ban taɓa shiga jirgi ba. Auta ce ta gano baje kolin, ita ta cike takardu, ita ta yi wata takwas tana koyon yarensu a waya har muka riƙa yi mata dariya. Wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba.

Amma ɗazu dangi sun zo sallama, Gwaggo ta dafa ta tana cewa, "Kun ga Auta za ta kai yayarta ƙasar waje." Za ta kai ni. Sai ka ce ni ce akwatin. Shekara ashirin da biyu ina kan keke, ita ko maɓalli ba ta iya sawa ba.

Baban yara ya ce in saki raina in ga gari. Raina a sake yake.

Litinin, 6 ga Mayu

Mun sauka. Ɗaki ɗaya, gado biyu, taga tana kallon bayan wani gini mai bututu. Tun daga filin jirgi bakin Auta bai huta ba. Ta yi hira da direba, ta yi da matar da ta ba mu makulli, suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ni ina tsaye da jaka ina murmushin da ban san dalilinsa ba.

Ta nuna min wata takarda da ta rubuta tun a gida. Wurare bakwai da ya kamata a gani a garin, kowane da jirgin ƙasan da ake hawa da yawan tashoshin da za a ƙirga kafin a sauka. Ta ce ranar Asabar ba baje koli, in mun yi sammako za mu zaga duka. Na ce to. Kwana shida a gari irin wannan, huɗu a cikin rumfa, sannan a rana ɗaya mu zaga gari da gudu.

Talata, 7 ga Mayu

Rumfarmu taku huɗu ce a tsaye, uku a kwance. A samanta an rataya ƙaton hoton Auta sanye da shuɗiyar rigar nan da na yi sati uku ina yi wa aikin wuya. Ita ce a gaba wajen tebur. Ni kuma an ajiye min 'yar kujera a bayan ratayen riguna, in wani ya so a rage hannu ko a matse ƙugu sai ta miƙo min ta tsakanin kaya. Hannunta kawai nake gani yana shigowa yana fita.

Mutane sun yi ta ɗaukar hoto da ita. Wata ma har ta rungume ta. Ina leƙe ta tsakanin riguna, haƙora duk a waje, tana shafa aikin wuya da yatsa kamar ta san inda allura ta shiga. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kuma abin haushin, rigar ta yi mata kyau.

Wajen azahar wata dattijuwa ta zo, siririya, tabarau rataye a wuya da sarƙa. Ba ta kalli hoton ba, ba ta kalli gaban riga ba. Ta ciro guda, ta juya ta bai-bai, ta sa tabarau tana bin ɗinki da farce. Nan take na san tela ce. Ta yi haka da riguna biyar, sannan suka daɗe suna magana da Auta.

Da ta tafi na tambaya. Wai tana da babban shagon ɗinki a garin, ma'aikata goma sha ɗaya, tana neman mutum ɗaya da zai dawo ya yi wata uku yana koya musu irin wannan aikin hannu, shi ma ya koyi kekunansu. Mutum ɗaya. Ranar Juma'a za ta faɗi wanda ta zaɓa.

Na ce, "Kin gaya mata ni nake ɗinkawa?"

Ta ce, "Na ce mata aikinmu ne."

Aikinmu.

Laraba, 8 ga Mayu, da safe

Auta ta rataya tef ɗina na awo a wuyanta tana kallon madubi.

Laraba, da yamma

Mun yi. A cikin rumfa, murya ƙasa-ƙasa, muna yi wa masu wucewa murmushi. Na ce ta cire min tef. Ta cire, sannan ta fito da abin da ke ranta. "Yaya, ke ba kya jin yaren. Ga yara, ga maigidanki. Ni in na zauna wata uku zan buɗe mana hanya." Na ce me za ta koya musu, murmushi? Ta ce murmushin ne ya kawo mu nan, in don ta ni ce da har yanzu muna ɗinka wa maƙwabta. Wannan ta shige ni. Ta shige ni ne don akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ban yafe ba.

Inna ta kira. Maganarta ta farko, "Ina Autata, tana cin abinci kuwa?" Ni da na ɗaga wayar ba a tambayi ko ina da ciki ba. Haka yake tun muna yara. Ni aka zaunar gaban keke, ita aka kai makaranta da sabon takalmi. Ni na ɗinka mata kayan makarantar ma.

Mai jakunkunan fata da ke rumfar kusa da mu ya miƙo min ruwa, ya nuna Auta, ya nuna ni, ya yi alamar tambaya da hannu. Ina jin so yake ya ji ko mai aikinta ce ni. Ban tsaya bincike ba.

Dattijuwar nan Mai Tabarau ta dawo dab da tashi. Ta zaɓi shuɗiyar rigar, ta gwada, ta ce a rage mata tsawo faɗin yatsa uku, za ta karɓa Juma'a da safe. Auta ta amsa da sauri har da rangwaɗa kai. A hanya ta ce, "Yaya, gobe sai ki rage."

Alhamis, 9 ga Mayu

Na yi abin da na yi.

Gari na wayewa, Auta tana wanka, na zare takardar nan daga jakarta na fita. Na kashe waya. Gwangwanin allurai da zare da almakashi yana cikin jakata. Da farko na ce wa kaina mantawa na yi. Ba zan yi wa littafi ƙarya ba, sai da na taɓa shi na tabbatar yana ciki kafin na ja ƙofa. Tunda aikinmu ne, to yau ta yi rabonta.

Takardar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Jirgi mai jan layi, tasha huɗu. Na ƙirga da yatsu kamar yadda nake ƙirga maɓallai, na sauka, ga hasumiya a gabana. Na hau har ƙarshe. Gari shimfiɗe, kogi ya ratsa shi, motoci kamar tururuwa. Na juya in ce "kin ga can", sai na ga wani bawan Allah da kyamara yana jiran in matsa masa.

Na shiga jirgin ruwa. Na bi gadar ƙafa. Na shiga kasuwar yadi, layi bayan layi, na taɓa wani yadi mai sanyi kamar ruwa, na kasa tambayar sunansa. Mai shagon ya yi ta magana, ni ina ta gyaɗa kai. Na ci burodi a tsaye don ban san yadda ake neman wani abin ba. Hotunan da na ɗauki kaina duk rabin kai ne da sararin sama.

Na biyar gidan tarihin tufafi ne. A gefensa Auta ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "A nan sai mun ba Yaya awa biyu, ba za ta fito ba." Haushi ya kama ni da na karanta, don kuwa awa biyu da rabi na yi. Akwai wata tsohuwar riga da aka rataya bai-bai a cikin gilashi don a ga cikinta. Wadda ta ɗinka ta ta mutu tun kafin a haifi kakata, ba a ko rubuta sunanta ba, amma kalmasarta ko yau ba ta motsa ba. Na daɗe a gabanta.

Biyar cikin bakwai. Ƙafafuna sun kumbura. Wai na ga gari.

Na dawo da magariba na shirya faɗa, har na tanadi amsoshi. Na same ta zaune bakin gado da takalmi a ƙafa. Ba ta tambaye ni inda na je ba. Ta ce, "Na rage." Na ciro rigar daga leda na juya ta. Innalillahi. Da almakashin takarda ta yanke, yankan ya yi hawa da sauka, sannan ta naɗe bakin ta manne da gam ɗin da muke liƙa takardu da shi. Ya bushe ya yi tauri, har ya fito ta waje tabo-tabo. Ɗigona uku sun tafi da abin da ta yanke.

Na san yadda ake gyarawa. Awa uku ya ishe ni. Tana kallona, ina kallon rigar. Na ninke ta na mayar cikin leda.

Juma'a, 10 ga Mayu

Mai Tabarau ta zo da hantsi. Ina bayan rataye a kan kujerata, ina ji kamar ni na yi ɓarnar. To, ni na yi.

Ta karɓi rigar ta juya ta, kamar yadda na san za ta yi. Ta ƙwanƙwasa gam ɗin da farce, har daga inda nake na ji ƙararsa. Sai ta bi bakin rigar tana neman wani abu. Ba ta samu ba. Ta ciro wata daga rataye, ta buɗe kalmasa, ta nuna wa Auta jan zaren. Ta ciro wata, ta nuna. Ashe tun ranar Talata ta gan su. Shekara ashirin da biyu, ita ce mutum ta farko.

Ta kama hannun Auta ta duba yatsun, ta saki. Ta ture riguna gefe, ta shigo har inda nake, ta kama nawa. Ta shafa kantar da ke yatsana, ta nuna min tata a wuri ɗaya. Sannan ta fara magana, idonta a kaina, ta yi wa Auta alama ta fassara.

Auta ta fassara. Muryarta a bushe, tana kallon ƙasa.

"Ta ce ke take so."

"Ta ce ni ban san allura ba, kada in ƙara taɓa rigar mutane."

"Ta ce tun da take ba ta ga kalmasa mai tsabta irin taki ba sai wajen uwarta."

Sai matar ta yi wata tambaya, Auta ta amsa da kanta ba ta juyo gare ni ba. Matar ta gyaɗa kai, ta dafa kafaɗata. Ta ce in gyara rigar, amma a gaba, a kan tebur, inda za a gan ni.

Na zauna a gaba. Na yanke inda gam ya ci, na daidaita baki, na ƙara siririn ƙyalle daga ragowar yadin da na zo da shi, na bi da ɗinkin hannu. Mutane suka taru. Aka yi ta ɗaukar hoton hannuwana. Mai jakunkuna ya tsaya baki buɗe. Auta kuwa ta koma bayan rataye, kan kujerata, ƙafafunta kawai nake hangowa.

Da muka tashi na tambaye ta me matar ta tambaya. Ta ce, "Cewa ta yi ina kike jiya da kika bari aka yi wa rigarki haka." Na ce me kika ce mata? Ta ce, "Na ce ba ki da lafiya."

Abin da na so ke nan, na kuma samu. Na ɗauka daɗin zai fi haka.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, ba na jin ko kalma ɗaya ta yaren nan. Da ta ga dama da ta ce min matar zagina take yi, ko ta ce an fasa ɗaukar kowa, in tattara in koma gida ban taɓa sani ba. Ta iya ƙarya da yaren, na gani da idona. Sau ɗaya ta yi ta, kuma ni ta rufa wa asiri.

Asabar, 11 ga Mayu

Da safe ta ce kanta na ciwo, ba inda za ta, za ta haɗa kaya. Ta juya fuska bango. Takardarta tana jakata, duk ta yamutse, har da maiƙon burodi. Sai a lokacin na lissafa: wata takwas tana koyon yaren garin nan, kuma abin da ta gani a cikinsa rumfa ce da titin da ke kai mutum rumfa.

Na ce, "Tashi, ina son mai riƙe min jaka." Ta ce ba ta iyawa. Na ce ban tambaye ta ba, ni ce babba.

Yau ni ce a gaba. Jan layi, tasha huɗu. Da ta ga na san ƙofar fita sai ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. A gindin hasumiya ta ce, "Kin riga kin hau, ko?" Na ce layi ya yi yawa ranar, ban samu ba. Ta san ƙarya ce. Muka hau. Ta manne da gilashi tana nuna min wurare da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ciwon kai ya bi iska. Na ɗauke ta hoto ya fi ashirin. Ko ɗaya ba ta yi muni ba, abin takaici. Ni guda biyu ta ɗauke ni, a duka idona a rufe.

A kasuwar yadi ta tambayar min sunan yadin nan mai sanyi. Ta rubuta min a bayan takardar. Mun ga wani lambu, mun ga babban ɗakin karatu, bakwai sun cika. Da gudu muka yi wasu, a jirgin ruwa ne kawai muka zauna.

Na takwas ba ya cikin takarda. Na miƙa mata katin shago da Mai Tabarau ta ba mu na ce ta kai mu. Shago ne mai faɗi, tagogi manya, kekuna jere, wani ma shi yake yanke zare da kansa. Yatsuna har ƙaiƙayi suke. Na ga teburin da za a ba ni, kusa da taga. Ina son teburin nan. Allah ya sani ina son sa.

Na ce wa Auta, "Gaya mata ba na zuwa sai da mai fassara." Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Yaya, mutum ɗaya ta ce. Za ki rasa." Na ce, "Ke dai aikinki fassara, ba shawara ba. Da hannu zan koya wa mutum goma sha ɗaya, kamar kurma?" Ta faɗa. Na lura maganar ta yi gajarta, na ce ta ƙara da cewa mai fassarar ita ce ta kawo rigunan garin nan tun farko. Ta ce wannan ba za ta faɗa ba. Na nuna ta da yatsa, na nuna kaina, na haɗa yatsu biyu. Matar ta gane.

Ba ta ji daɗi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ba haka ta shirya ba, akwai wani mai saƙa da take dubawa shi ma. Za ta ba mu amsa kafin ƙarshen wata.

Muka hau jirgin ƙasa muka dawo. Auta ta riƙe min jakar dai har ɗaki.

Lahadi, 12 ga Mayu

Filin jirgi. Sun karɓe min ƙaramin almakashina, na manta shi a jakar hannu. Wannan karon mantuwa ce ta gaskiya.

Alhamis, 16 ga Mayu

Gida. Ba amsa har yanzu. Ina duba wayar Auta fiye da yadda take dubawa. In matar ta ce a'a, shi ke nan, na yi wa kaina. Baban yara ya ce me ya kai ni kafa sharaɗi a kan abin da na samu a hannu. Na ce masa lissafin aiki ne kawai, ba don kowa na yi ba.

Gwaggo ta zo barka da dawowa, ta ce, "Auta ta dawo mana da ke lafiya." Na buɗe baki, sai Auta ta riga ni: "Gwaggo, ita ta san hanyoyin garin, ni jaka na riƙe." Har yanzu Inna ita take fara zuba wa abinci. Har yanzu yana min ciwo, ba wai ya daina ba ne.

Tun Talata nake zaunar da Auta da ƙyalle da allura, don kada ta ƙara kunyata ni da gam a gaban mutane, ba wani abu ba. Hannunta kamar na mai faskare. Sau uku ina farke mata kalmasa ɗaya. Ta huɗu, a kan rigar wata maƙwabciya, ba laifi in mutum bai sa tabarau ba. Na karɓa na sa ɗigona uku. Na tashi shan ruwa, na dawo na tarar ta ɗauki koren zare ta sa nata guda ɗaya a gefensu, ba ta tambaye ni ba. A karkace ma yake.

Na ɗauko reza zan farke, sai aka yi sallama a waje. Da na dawo na goge rigar na ninke. Gobe mai ita za ta zo karɓa.